Yadda za ka ga tashar 'yan sama jannati da idonka daga Legas

Ranar da na fara nuna wa mutanen gidanmu tashar 'yan sama jannati, a saman benen da muke haya a Agege, Baba maigadi ko ɗaga kai sosai bai yi ba. "Ɗana, jirgi ne," in ji shi, "mu da muke kwana mu tashi da jirage a kanmu." Yana da gaskiyarsa, don filin jirgin Murtala Muhammed yana kudu da mu kaɗan, kuma masu sauka ta kan rufinmu suke bi. Na ce, "Baba, a ƙara dubawa, a kuma kasa kunne." Abin ya taso daga bayanmu fari tas, babu ƙara, babu ƙyaftawa, ya ratsa tsakiyar sama cikin natsuwa. Yana gangarawa wajen gabas sai ya dusashe ya ɓace, alhali ko ƙyallen gajimare babu a wurin. Baba ya ce "Ikon Allah!" har sau uku, sannan ya tambaye ni ko gobe ma zai dawo.

Abin da ya gani ita ce tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da ISS. Amurka da Rasha da Japan da Kanada da ƙasashen Turai ne suka haɗa hannu suka gina ta guntu-guntu, tun daga Nuwamban 1998 da aka harba ɓangaren farko. Daga ranar 2 ga Nuwamban 2000 ba ta sake kwana babu mutum a cikinta ba, galibi mutum bakwai. Faɗinta mita 109, filin ƙwallo guda ke nan, nauyinta kuwa ya haura tan 400. Tana kewaya duniya a tsayin kilomita 400 da 'yan kai, da gudun kusan kilomita 28,000 a awa ɗaya. Idan ta zo daidai kanka a Legas, ta fi Abuja kusa da kai.

Ba ka buƙatar madubin hangen nesa. Waya mai ɗan data, ido, da sanin lokaci, shi ke nan.

Fara da sanin lokacin da take ganuwa

Tashar ba ta da wata fitilar da za ka hango daga nan. Hasken rana ne yake dukan jikinta ya dawo mana, kamar yadda yake yi wa wata. Saboda haka sai abu uku sun haɗu: ta kasance a samanmu, mu muna cikin duhu, ita kuma rana tana haska ta. Da rana tsaka hasken gari ya fi ƙarfinta. Da tsakar dare kuma ita ma tana cikin inuwar duniya, ko da ta bi ta kanka ba za ka san ta wuce ba. Abin da ya rage shi ne ɗan tsakanin nan da rana ta faɗi a wurinmu amma ba ta faɗi ga wanda yake can sama ba.

A Legas wannan tsakani gajere ne, don muna kusa da tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta arewa da kudu, digiri shida da rabi kawai a arewa da shi, kuma a nan rana a tsaye take nutsewa, duhu ya rufe da wuri. Da na zauna na lissafa, sai na ga ashe lokacin da muka riga muka sani ne: daga sallame magariba zuwa wajen kiran isha, sannan daga kiran asalatu zuwa gari ya fara haske. Mai zuwa masallaci a kan kari ya riga ya fita waje a daidai lokacin da ake so. Masu gadi a Lekki da Ikoyi, da masu shayi da suke hura wuta tun asuba, da 'yan'uwanmu masu sauke tumatir a Mile 12, na tabbata da yawansu sun sha ganinta, sun ɗauka jirgi ne ko tauraro mai yawo.

To me ya sa ba a ganinta kullum, tunda sau goma sha shida take zagaya duniya a kwana ɗaya? Kowane zagaye yana ɗaukar ta minti 90 da 'yan kai, kuma kafin ta dawo duniya ta juya a ƙarƙashinta. Hanyar da ta bi yanzu da wadda za ta bi a zagaye na gaba, a wajejenmu akwai tazarar kilomita 2,500 da wani abu tsakaninsu. Sai an yi dace ɗaya daga cikin hanyoyin ta faɗo kusa da Legas a daidai wancan ɗan lokaci. Shi ya sa za ka same ta kwana uku ko huɗu kusan a jere, sannan ta yi sati ɗaya ko biyu ba labari. Amsar da na ba Baba ke nan: wataƙila gobe, wataƙila sai wani makon, bari mu duba.

Samo jadawalin

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana da manhaja kyauta mai suna Spot the Station, a wayoyin Android da iPhone. Akwai kuma shafin intanet na Heavens-Above, wanda na fi amfani da shi saboda yana kawo wasu taurarin ɗan'adam ban da ISS, kuma yana zana maka taswirar sama da layin da za ta bi. Kowanne ka zaɓa, abu na farko shi ne ka gaya masa inda kake. Ka kunna GPS, ko ka rubuta Lagos ka zaɓa da hannunka. Bambancin Agege da Obalende ko Idi-Araba ba ya canza komai, duk jadawali ɗaya ne.

Kada ka tsallake wannan. Ni na tsallake a karon farko, na ga an rubuta 04:40, na tayar da ƙanena da yaran makwabta muka hau bene cikin sauro. Muka yi ta ƙura wa sama ido har wuya ya ƙage, muka sauko ana yi mini dariya. Ashe ban saka wurina ba, lokacin da na karanta na agogon GMT ne, mu kuwa awa ɗaya muke gaba da shi. Ta wuce wajen shida saura, muna masallaci. Tun daga ranar nake duba kan shafin in tabbatar an rubuta UTC+1, wato agogon Najeriya, kafin in buɗe baki in gayyaci kowa.

Yadda ake karanta shi

Kowane layi a jadawalin wucewa ɗaya ne. Za ka ga kwanan wata, da lokacin da za ta ɓullo, da wanda za ta kai ƙololuwa, da wanda za ta ɓace. Sau da yawa agogon awa 24 ake amfani da shi, wato 19:24 na nufin bakwai da minti ashirin da huɗu na yamma.

Lambar da ta fi kowacce muhimmanci ita ce ta tsayi, wadda ake rubutawa da digiri. Sifili shi ne inda sama ta haɗu da ƙasa, 90 kuma tsakar kanka. A Legas, duk wucewar da ba ta kai digiri 25 ba ka bar ta. Benaye da tankunan ruwa da hayaƙin janareto da danshin teku sun riga sun cinye wannan yanki. Ka jira wadda ta kai 40 ko fiye. Wadda ta haura 60 kuwa ita ce ta gayyato mutane, don a nan tashar take kusa, haskenta ya fi ƙarfi, kuma takan ɗauki minti biyar zuwa shida tana ratsa sama.

Akwai kuma lambar haske, wadda take rikita mutane don a juye take tafiya: gwargwadon yadda ta yi ƙasa da sifili, gwargwadon ƙarfin hasken. Mai -3.5 ta fi mai -1.5 haske nesa ba kusa ba. A mafi kyawunta tashar takan zarce kowane tauraro, ta zarce Mushtari, ta kusa kamo Zara matar wata. Irin wannan ko fitilun Ikeja ba sa iya ɓoye ta.

Jadawalin yakan nuna kwana goma ko makonni biyu masu zuwa, amma ka sake dubawa a ranar. A tsayin da take har yanzu akwai ɗan ragowar iska da yake jan ta ƙasa a hankali, don haka lokaci-lokaci ana kunna injin kumbo a ƙara ɗaga ta, wannan kuma yakan gusar da lokacin. Na ranar kuwa ba ya saɓawa. Alƙawarinta ba irin na tela ba ne a jajibirin Sallah. Ka bar agogon wayarka yana saita kansa daga layin sadarwa, ka fito minti biyar kafin lokaci.

Gane kusurwa: alƙibla ta ishe ka

Jadawalin zai ce ta ɓullo daga SW ta ɓace a NE, ko makamancin haka. N arewa ce, S kudu, E gabas, W yamma. SW kudu maso yamma ke nan, NE arewa maso gabas. Wayarka tana da kamfas, amma ni ban cika yarda da shi a saman bene ba. Rodin da magina suke bari a tsaye don ƙarin hawa, da kwanon rufi, da janareto, duk suna jan allurarsa. Na taɓa tsayawa kusa da tankin ƙarfe waya ta nuna mini arewa a inda rana ta faɗi. In za ka yi amfani da shi, ka matsa daga ƙarafa, ka juya wayar a iska kamar kana zana lamba 8 sau biyu ko uku.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka fuskanci alƙibla. Muna ce mata gabas, amma daga Legas Makka tana digiri 63 ne daga arewa, wato ta karkata hagu daga ainihin gabas da kusan digiri 27. In dai an daidaita alƙiblar masallacin unguwarku, ga yadda abin yake idan ka tsaya kamar za ka ta da salla: arewa maso gabas tana gabanka, ɗan hagu kaɗan. Kudu maso yamma tana bayanka. Arewa maso yamma tana wajen hannunka na hagu, kudu maso gabas wajen na dama.

Wannan ya isa, saboda hanyar tashar a karkace take da digiri 51.6 daga tsakiyar duniya, don haka a samanmu tafiya biyu kawai gare ta. Ko dai tana haurawa daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, ko tana gangarowa daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Ga mai fuskantar alƙibla, a wucewa mai tsayi, ko ta zo daga bayansa ta nufi gabansa, ko ta zo daga hagunsa ta nufi damansa. Ba za ta taɓa tasowa daga gabas ta nufi yamma ba. In ka ga haske yana yin haka, wani abu ne daban.

Awon digiri kuma hannunka ne ma'auni. Miƙe hannu sosai ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, ga babba ga yaro, don mai ƙaramin hannu damtsensa ma gajere ne. Ka ɗora dunƙule huɗu ɗaya kan ɗaya daga inda sama ta taɓa ƙasa, ka kai digiri 40. Yara suna son wannan sashe fiye da komai.

Wurin tsayawa da yanayin gari

Saman bene ya fi, in mai gida ya yarda, kuma a kula da yara inda babu katanga. Filin makaranta ko harabar masallaci ma sun yi. Gadar masu tafiya a ƙafa tana da sarari, amma ban ba ka shawarar ka tsaya a kanta da magariba kana ɗaga waya sama baki buɗe ba. Ka san garin da muke. Ka juya wa fitilar tsaro baya, ko ka tare ta da tafin hannu. Idan an ɗauke wuta a unguwa, karo ɗaya ke nan da za ka yi murna.

Babban abokin gaba shi ne gajimare. A Yuni da Yuli sai ka yi sati ba ka ga tauraro ɗaya ba. Hazon hunturu a Disamba da Janairu yana shafe ƙananan taurari, amma wucewa mai tsayi takan huda shi. A abin da na lura, daren da ya fi kyau shi ne wanda aka yi ruwa da rana ya wanke iska, sannan gari ya washe da yamma, sai kuma watan Nuwamba kafin hazo ya sauko. In akwai gajimare tsilli-tsilli kada ka fasa, za ka gan ta tana shiga tana fita.

Lokacin ya yi

Ka kalli kusurwar da aka ce za ta ɓullo, amma kada ka ƙura ido can ƙasa. Ka duba dunƙule biyu ko uku sama da rufin gidaje. Da farko ƙaramar ɗigo ce mai tafiya a hankali, har ka yi shakka ko motsi take. Tana hawa tana ƙara haske tana ƙara sauri, don tana matsowa kusa.

Jirgin sama yana da jar fitila a fiffiken hagu, koriya a na dama, da fara mai walƙiya. Wanda yake shirin sauka ya fuskanto ka da manyan fitilunsa shi ne mai ruɗi, don sai ya yi kamar tauraron da ya tsaya wuri ɗaya yana kumbura. Ka ba shi rabin minti, zai tona kansa. Zara da gamzaki ba sa gusawa a cikin mintunan da kake kallo. Abin da muke cewa tauraro ya yanke ya faɗi kuwa, kafin ka ce "ga shi" ya wuce. Tashar tana tsakanin waɗannan: haske ɗaya tsayayye, tafiya miƙaƙƙiya, shiru.

A wucewar yamma ka bi ta da ido har ƙarshe, don a nan abin mamakin yake. Sau da yawa ba ta kaiwa ƙasa. Tana cikin tafiya sai ta yi ja-ja, ta dusashe cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ta shiga inuwar duniya ke nan, mutanen cikinta yanzu rana ta faɗi musu. Da asuba akasin haka ne, sai ka ga ta kunnu a tsakiyar sama daga babu.

In wucewar mai nufar arewa maso gabas ce, ka kira gida tun kafin ta ɓullo. Hanyar nan kusan wajen Zariya da Kano take dosa, kuma tazarar Legas da Kano da muke kwana mu yini a mota, ita minti biyu take yi. Na taɓa riƙe yayata a waya tana tsakar gida a Kano, ina cewa "Yaya, juya wa alƙibla baya, ki duba sama." Muka yi kusan minti guda muna kallon abu ɗaya, kafin ta ce mini hasken ya mutu. A wurinsu rana ta riga tamu faɗuwa, inuwar ta can ta fi kusa.

Mai son hoto kada ya riƙe wayar a hannu. Jingina ta da bulo, kyamara na kallon inda tashar za ta bi. Shiga saitin da ake sarrafawa da hannu, ka bar ƙofar haske a buɗe daƙiƙa 10 zuwa 15, ka rage ISO, wato ƙarfin ɗaukar haske na kyamara, zuwa 100 ko 200 don hasken gari kada ya wanke hoton, ka sa mai ƙirga daƙiƙa uku saboda taɓawar yatsa kada ta girgiza ta. Abin da zai fito farin layi ne miƙaƙƙe. Amma a karon farko ka ajiye wayar ka kalla kawai.

Sauran masu wucewa

Idan ka ƙware da ISS, haka za ka yi wa tashar China mai suna Tiangong, wadda aka fara harhaɗawa a Afrilun 2021 aka kammala a ƙarshen 2022, mai ɗaukar mutum uku. Ba ta kai ISS haske ba, amma tana ganuwa sarai. Akwai na'urar hangen nesa ta Hubble, da take sama tun 1990. Hanyarta ba ta wuce digiri 28.5 arewa ko kudu, saboda haka mu nan takan bi ta kanmu, mutanen Ingila kuwa ba sa samunta. Haskenta na tauraro madaidaici ne, sai dare mai tsabta. Magajiyarta James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamban 2021, tana nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi, kada ka wahalar da idonka.

Wani dare kuma za ka iya ganin fitilu a jere kamar raƙuman fatake. Taurarin Starlink ne na kamfanin SpaceX, a kwanakin farko bayan an harba su, kafin su watsu su haura inda za su zauna. Su ne masu kawo intanet ɗin da aka fara sayarwa a Najeriya a Janairun 2023, kafin kowace ƙasa a Afirka. Namu tauraron sadarwa, NigComSat-1R, da aka harba daga China a Disamban 2011, yana can kilomita kusan 36,000, inda zagayensa ya yi daidai da juyawar duniya, ya zama kamar a tsaye yake. Irinsa ne ya sa ake kafa kwanon dish sau ɗaya a bar shi. Ido ba ya kai masa. Ita ISS ɗin ma muna da ɗan hannu a tarihinta: a Yulin 2017 daga cikinta aka saki NigeriaEduSat-1, ɗan ƙaramin tauraro da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta yi aikinsa tare da wata cibiya a Japan.

A hawa na uku limamin unguwa ya biyo mu. Da ya ji cewa rana tana fito musu ta faɗi sau goma sha shida a kwana guda, sai ya ce, "To Musulmi a can yaya zai yi da salla?" Na ce, "Allah gafarta Malam, an riga an yi." A Oktoban 2007 Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya ya je tashar a ƙarshen Ramadan, malaman ƙasarsa suka rubuta masa jagora: ya bi lokutan wurin da aka harba shi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko. Sultan Al Neyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya yi wata shida a can a 2023, azumi ya same shi a ciki. Malam ya ce zai duba littattafansa, amma dai ya nemi a riƙa sanar da shi ranar da za ta wuce.

Ita kanta tashar kwananta ƙirgagge ne. Shirin NASA shi ne a yi aiki da ita zuwa 2030, sannan a sauko da ita ta ƙone a iska, ragowar ya faɗa can tsakiyar tekun Fasifik inda babu kowa. A Yunin 2024 aka ba SpaceX kwangilar ƙera kumbon da zai turo ta. Da na gaya wa Baba haka, sai ya ciro tsohuwar wayarsa mai madannai ya miƙo mini, ya ce in sa masa ƙararrawa a kan na asuba mai zuwa, tunda shi dama idonsa biyu.